Ragon da Ya Zo daga Barmu

Ramatu, Sani, da ku ƙananan, ranar da kuka zo hutun sallah kuka sauko da hoton nan na bango kuna goge shi, na ji abin da kuka ce. Ina ɗaka ina ninke tufafi, ba ku san ina saurare ba. Sani ya ce Inna ba ta cikin hoton buɗe Amikal ne don tana kunyar Nasara. Ramatu ta ce a'a, mutanen ƙauye ne dai ba sa son abin zamani, shi ya sa ma kakanmu na Barmu bai taɓa taka gidanmu ba. Kuka yi dariya, kuka mayar da hoton. Ban ce muku komi ba, don kun san bakina ba ya saurin buɗewa. Amma maganar ta kwana mini a rai. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa, kakanku ma haka, kuma in ni ma na tafi da abin nan a ciki, to ƙarya za ku gada ku ba ɗiyanku. Karatun manya da na yi bayan na yaye Sani bai kai ko'ina ba, amma ya isa in rubuta muku shekara guda.

Kakanku manomi ne mai tumaki. Ba shi da sarauta, ba shi da malanta, abin da aka san shi da shi a Barmu shi ne zaurensa. Buzu mai raƙumi da ya fito daga arewa, Bafillace da rana ta faɗi masa a hanya, ɗan koli daga Affala ko Takanamat, kowa ya san inda zai sauke kaya. Ba a tambayar mutum sunansa sai ya sha ruwa ya ci abinci. Akwai wata tabarma mai jan baki da ke rataye a zauren, ba mai zama kanta sai baƙo, mu yara ko taɓa ta ba mu yi. A kan tabarmar nan babanku ya fara zama, lokacin da gwamnati ta turo shi daga Damagaram ya koyar a lakwal ɗin garinmu. Ya zo da akwatin ƙarfe guda da fitila, bai san kowa ba, Hausarsa ma dariya take ba mu. Ya ci tuwon gidanmu damina biyu. Wata rana Baba ya naɗe tabarmar ya rataye, ya nuna masa buzun da shi kansa yake zama a kai, ya ce daga yau ya daina zama baƙo. Da ya nemi aurena dangi suka yi ta magana, wai ba a san asalinsa ba, wai ɗan lakwal ne mai wandon Nasara. Baba ya ce shi ya san yadda yaron yake cin abinci da yadda yake gaida tsofaffi, wannan ya ishe shi. Ya ba ni tunkiya guda ta aure, ya bar ta cikin garkensa tana haihuwa da sunana.

Bayan an sami mulkin kai aka mayar da babanku Tawa. Garin a lokacin cike yake da baƙi. Ga ma'aikata Zabarmawa daga Yamai, ga ƴan Dahome masu koyarwa da masu aikin likita, ga sauran Nasara da suka tsaya haƙar rijiyoyi. Kowa in ya tashi aiki sai ya shige gidansa ya rufe ƙofa. Babanku abin yana damunsa ƙwarai, don ya san ɗacin cin abinci kai kaɗai a garin da ba naka ba. Wata ranar Asabar da la'asar ya shigo da mutum uku, ya ce in shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar gida. A cikinsu akwai Mushe Pol, wato Malam Pol da Faransanci, Banasaren rijiyoyi, dogo mai jan wuya. Asabar ta gaba ya zo da matarsa, Madam Odil, wadda aka ce tun da ta zo ƙasar ba ta da abokin magana sai karenta. Ta rasa yadda za ta zauna a tabarma, ta yi ta juya ƙafafu, har maƙwabciyata ta ce da ni a kunne, wagga mata ko gwiwatta ba ta lanƙwasa. Na kawo mata fura, ta kurɓa da ludayi, ta ɗago ta dube ni, ta shanye ƙwaryar duka. Daga ranar take kirana Adiza, don bakinta ba ya kama farkon sunana Hadiza.

Haka abin ya soma, ba suna, ba shugaba. Wanda ya yi sallama ya shigo. Wani Buzu maƙeri yana dafa shayi, ƴan Dahome suna buga karta suna gardama, tsofaffin unguwa suna haƙa ramukan dara a ƙasa suna koya wa Mushe Pol, suna cinye shi kullum. Ni ina daga madafa ina jin harsuna huɗu suna tashi a tsakar gidana, raina fari ƙal. Wata Asabar Baba ya sauka wurinmu don kasuwar Lahadi, ya tarar da taron. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe yana kallo. Da baƙi suka watse ya kira babanku ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ashe ka ɗauko zaurena ka kawo birni."

Ban taɓa ganin babanku ya ji daɗin wata magana kamar wannan ba.

Kafin damina ta zagayo tsakar gida ta yi mana kaɗan. Labari ya kai ga Kwamanda mai mulkin gari, ya ce abu ne mai kyau, ƙasa sabuwa tana son irin haka, ya ba da wata tsohuwar magaza, wato ɗakin ajiyar kayan gwamnati, a gyara. Nan aka raɗa wa abin suna Amikal, wai ƙungiyar zumunci da Faransanci. Aka zaɓi shugabanni, aka ba babanku sakatare, Mushe Pol ya kawo kujeru da tebura, aka kewaye wurin da katanga, aka sa ƙofar ƙarfe. Aka ɗauki wani tsohon soja gadi, mutumin yamma wanda bai san kowa a ƙasarmu ta Adar ba. Aka buga wasu ƴan takardu masu kauri da ake ce wa karti, wai sai mai shi zai shiga ranar buɗewa. Tsofaffin dara ba wanda ya ce kada su zo, su da kansu suka leƙa suka ga kujeru suka koma gindin itacensu. Na lura, amma na ce da raina sabon abu ne, zai daidaita.

Da na je Barmu ganin gida na ba Baba labarin ginin. Yana cikin garke, ya kamo wani rago fari mai baƙin kai ya jawo shi gabana.

"Kin gane shi, Dije? Ɗan tunkiyakki na. Ran da za a buɗe ɗakin baƙinga, nama nawa na. Baƙin ɗiyata ba su cin naman kasuwa ina raye."

Na dawo na gaya wa babanku da murnata. Ya cire hularsa yana murza ta.

"Hadiza, wurin ba irin tsakar gida ba ne. Kujeru ne da cokula, jawabi kuma da Faransanci. Tsoho zai takura."

"To ka aika mishi kada shi zo."

"Haba, ta yaya zan aika wa surukina kada ya zo?"

"To ka aika mishi kartin."

"Me zai yi da karti? Bari dai, hanya da nisa, ƙila ma ya manta."

Ba a aika ko ɗaya ba. Shi kuwa Baba bai jira aike ba, don a duniyarsa ba a gayyatar uba gidan ɗiyarsa, ba a kuma sanar da mutum za a kawo masa alheri. Ya ji ranar a bakin ƴan kasuwa, ya ɗaura wa ragon igiya, ya taho da ƙafa, don rago mai ƙiba ba a gaggauta shi. A hanya ya kwana. Da ya shigo Tawa bai biyo gidanmu ba, ya zarce inda ake bukatar naman, don a samu a yanka da wuri.

Ni duk safiyar ranar ina gida da maƙwabta muna dafa shinkafa da miya. Sai kusan azahar muka ɗauki tukwane muka shiga ta ƙofar baya, inda madafa take. Na tarar an riga an tsire raguna biyu a kan garwashi ana juya su, irin gashin da Nasara ke so. Kukun Mushe Pol ne ke kula da su. Kawuna da ƙafafu suna gefe cikin daro, an bar wa mata su babbake. Na ɗauki wuƙa na jawo kai guda, baƙi, na kama kunne don in juya shi a wuta. Kunnen dama an tsaga shi biyu, na hagu an ɗan yanke bakinsa. Ku ba ku san abin da wannan ke nufi ba, don a birni kuka tashi. Kowane gida a ƙauye da irin shaidar da yake yi wa dabbobinsa a kunne, kuma wannan shaidar tun ina yarinya nake riƙe wa Baba ƴan raguna yana yin ta. Na ajiye wuƙar a hankali.

"Malam kuku, wanga rago daga ina?"

Ya yi dariya yana share zufa.

"Wannan ai sa'a muka yi, uwar gida. Wani tsoho ne ɗan ƙauye aka turo mini da safe. Na ce nawa, ya yi shiru. Na ƙara masa, ya yi shiru. Na tura masa kuɗi a hannu, ya bar su suka zube, ya saki igiya ya juya. Ban taɓa ganin mai sayar da rago irinsa ba."

Na zagaya ta waje har ƙofar ƙarfe, na sami tsohon sojan tsaye da sandarsa. Na tambaye shi tsohon da ya zo da rago. Bai ɓoye mini komi ba, don bai san akwai abin ɓoyewa ba.

"Na ce da shi karti. Ya ce shi uban matar gida ne. Na ce baba nan ba gida ba ne, Amikal ne. Ya ce to a kira masa ɗansa. Mushe sakatare yana can baranda da Kwamanda suna duba kujeru, na ɗaga murya na nuna masa tsohon. Ya dube shi, ya yi mini hannu haka, wato ta baya. Sai na kai shi ta baya."

"Sun haɗa ido?"

"Ƙwarai kuwa. Tsohon ma har ya ɗaga masa hannu."

Ban taɓa shiga wurin ta gaba ba sai ranar. Zanena yana warin hayaƙi, hannuna da baƙin babbaka, sojan bai ma yi tunanin tambayata karti ba. Na sami babanku a ɗan ɗakin gefe, cikin kwat da abin wuya, yana bitar jawabinsa. Da ya ga fuskata ya san na sani.

"Hadiza, saurara. Kwamanda na riƙe da hannuna yana magana. Na ce a kai shi baya ya huta a inuwa, in zo in same shi. Da na je ya tafi."

"Kwamanda ya riƙe maka hannu guda. Da wane hannu ka yi mishi nuni?"

Ya mayar da ido kan takardar jawabinsa. Na nuna masa waje.

"Ga motar Mushe Pol nan tsaye. Tsoho na, da ƙafa shike, bai yi nisa ba. Tashi mu bi shi yanzu."

"Yanzu? Mutane sun fara zuwa. Ni ne mai jawabin maraba. Bari a gama, wallahi ko dare ya yi zan bi shi."

"In anka gama, sun cinye ragon."

"To me kike so in yi? In kwance shi daga wuta?"

Na dube shi, mutumin da na aura don ubana ya yarda da yadda yake gaida tsofaffi. Ban ɗaga murya ba. Na fita ta ƙofar da na shigo, na koma gida na zauna ƙarƙashin bedi. Daga can ina jin tafi, ina jin garmaho. A lokacin ne aka ɗauki hoton da kuke gogewa. Ku duba teburin da ke gabansu da kyau, abin da ke cikin babban faranti ragon kakanku ne. Bikin bai watse da wuri ba, kuma babanku bai bi kowa ba.

Washegari Madam Odil ta zo da kwano rufe, wai ta kawo mini rabona tunda ba ta gan ni ba. Na gaya mata abin da ya faru da ɗan Hausar da take ji. Ta kama baki, hawaye suka zubo mata, na san kuma ba na ƙarya ba ne. Sai ta ce:

"Amma Adiza, don me bai sanar zai zo ba? Da mun ajiye masa kujera."

Shekara guda tana shan furata, tana zama tabarmata ba tare da kowa ya ajiye mata wuri ba, amma ba ta gane ba. Na rasa ta inda zan fara. Na karɓi kwanon na gode, da ta fita na ba almajiran unguwa.

Bayan kasuwa na shiga motar ƴan Barmu ni kaɗai. Na sami Baba yana gyaran shingen garke, ƙafafunsa duk sun kumbura. Na durƙusa na fashe da kuka. Ya bar ni har na gaji.

"Baƙinku sun ƙoshi?"

"Baba, ka yi haƙuri."

"Na tambaye ki, sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi."

"To madalla, abin da ya kai ni ke nan."

Na ce ba zan koma Tawa ba. Ina da cikin Ramatu a lokacin, wata kaɗan, ban gaya wa kowa ba. Ya ajiye ƙayar da ke hannunsa ya zauna kusa da ni.

"Ni na ba shi ke, gaban mutane, suna hana ni. Ba ni amsar abin da na bayar. Bai buge ki ba, bai hana ki ci ba. Abin da yay yi, ni yay yi ma, ba ke ba. Ki koma ɗakinki. Amma ƙafata da Tawa sun gama."

Na kwana uku ina juya abin. In na zauna, na ƙaryata ubana a gaban dangin da suka ce kada ya ba da ni, na kuma haifi ɗiya ba uba a gida. In na koma, na koma wurin wanda ya nuna wa ubana ƙofar baya. Na koma. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ban yi nadamar samunku ba ko sau ɗaya. Amma ku san da abin da aka saye zaman gidan da kuka tashi a ciki.

Babanku ya yi makonni yana cewa gobe, jibi, aikin Amikal ya yi yawa. Kunya ce ke cinsa, na sani. Daga baya ya ɗauki goro da turmin yadi, muka tafi tare. Da muka yi sallama a ƙofar zaure Baba ya fito da fara'arsa, ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Damagaram. Babanku ya cire takalmi ya nufi buzun da ya saba zama a kai. Sai Baba ya miƙa hannu bango, ya sauko da tabarma mai jan baki, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa masa da hannunsa. Ya leƙa cikin gida ya kira ƙanwata.

"Ke, kawo ma baƙo ruwa."

Na ga babanku ya tsaya kamar an dasa shi. Ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ce a bari baƙo ya huta tukuna, magana ba ta gudu. Aka yanka masa akuya. Aka kawo masa fura da cuku, aka ba shi ɗakin baƙi, aka ajiye masa buta. Duk lokacin da ya soma neman gafara sai Baba ya ce ba komi, Mushe, ai ba ka yi mini komi ba, ƙara nama. Da za mu tafi ya raka shi har bakin gari kamar yadda yake raka kowane matafiyi, ya yi masa addu'ar sauka lafiya. A mota babanku ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa, har muka iso Tawa bai buɗe ba.

Haka aka zauna har Baba ya rasu. Babanku ya koma Barmu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum tabarmar nan ce ke jiransa, kullum Mushe. Ranar sunan Ramatu Baba ya aiko da rago ta hannun ƙanena, shi bai zo ba. Na Sani ma haka. In na kai ku can yakan ɗora ku a cinya ya yi muku wasa, amma kuna ƙanana, ba ku riƙe ba. Bai taɓa ganin ɗakin da kuke kwana ba, bai sake cin tuwon tukunyata ba.

Amikal kuwa, Mushe Pol da matarsa sun koma ƙasarsu bayan ƴan shekaru, ta rungume ni tana kuka, daga nan ban sake jin labarinta ba. Manyan ma'aikata suka cika wurin, aka kawo firji da kwalabe, aka yi sabon zaɓe aka ba wani sakatare. Wata rana babanku ya je da yamma, sabon mai gadi ya tambaye shi karti, ya laluba aljihu bai zo da shi ba. Ya dawo gida ya zauna ƙarƙashin bedi. Na dama masa fura na kai masa.

Mutumin kirki ne babanku, ya riƙe ku da gaskiya, kuma abin da ya soma a tsakar gidan nan abu ne mai kyau. Kada ku sauke hotonsa daga bango. Abin da nake roƙonku kawai, in ɗiyanku suka tambaya ina kakanmu na Barmu a cikin hoton nan, kada ku ce ɗan ƙauye ne mai gudun zamani. Ku ce musu ya zo. Da ƙafa ya zo, tun da safe, kafin kowa, da ragonsa a hannu.